Mako na 12: yadda aka auna sauyin koyarwa a wani ajin fiziks a Kanada

Duk jami'ar da ka leƙa za ka tarar ana yi wa kwasa-kwasai gyaran fuska. A cire wannan babi, a ƙaro wancan, a sauya littafi, a raba aji gida biyu, a mayar da wani ɓangare intanet. In shekara ta zagayo sai a zauna taro, wani ya ce sakamako ya yi kyau bana, wani ya ce ɗalibai sun yaba, a rubuta a rahoto cewa sauyin ya haifar da ɗa mai ido, a wuce batu na gaba. Da wuya ka ji wanda ya tambaya da me aka auna, kuma da wa aka kwatanta. Shi ya sa abin da ya faru a Jami'ar British Columbia da ke birnin Vancouver a Kanada ya cancanci a zauna a kansa. A can an sauya koyarwa, an auna, an fitar da alƙaluman fili kowa ya gani, masu suka suka yi caa a kai, kuma daga baya aka sake wani gwajin a wata jami'a da ya fi na farko inganci.

Su wa abin ya shafa

Carl Wieman masanin fiziks ne Ba'amurke da ya samu kyautar Nobel a 2001 tare da Eric Cornell da Wolfgang Ketterle. Wanda ya kai nan zai iya ƙare rayuwarsa a ɗakin gwaje-gwaje ba mai ce masa uffan. Shi kuwa wata tambaya ce ta tsaya masa a rai: me ya sa ɗalibi zai ci jarrabawar fiziks da maki mai kyau, amma da an ajiye masa matsalar da bai taɓa gani ba sai ya yi tsuru-tsuru? A 2007 ya baro Jami'ar Colorado da ke Boulder ya koma British Columbia, ya kafa shirin gyara koyar da kimiyya. Dabarar shirin ita ce a ɗauko matasan masana da suka kammala digirin digirgir a fanninsu, a horar da su kan abin da bincike ya gano game da yadda mutum ke koyo, sannan a haɗa su da malaman sashe su gyara kwas tare. Louis Deslauriers yana cikin waɗannan matasa.

Kwas ɗin da aka yi gwajin a kansa na fiziks ne na ɗaliban injiniya ƴan shekarar farko, zango na biyu, inda ake koyar da lantarki da maganaɗisu. Ɗalibai kusan 850 ne, an raba su azuzuwa 3, aka ɗauki 2 daga ciki: ɗaya mai mutum 267, ɗayan mai 271. Kowane aji da malaminsa, kowanne lacca 3 a mako. Tsawon mako 11 malaman biyu suna koyarwa yadda aka saba: a haska bayani a allo, malami ya yi ta jawabi, ya warware misalai, ɗalibai na rubutu. Jefi-jefi a kan jefa tambaya a amsa ta da wata ƴar na'urar hannu mai maɓallai, wadda ke tura zaɓin kowa zuwa kwamfutar malami. A lura da wannan, domin daga baya wasu sun ɗauka na'urar ce sirrin, alhali duka azuzuwan biyu suna da ita tun farko.

Awon da aka yi kafin a taɓa komai

Nan ne, a ganina, aikin ya fi daraja, kuma nan ne masu ba da labarinsa suka fi tsallakewa da gudu. Ba ƙuri'a ce ta raba ɗaliban nan azuzuwa ba, don haka tilas a fara tabbatar da cewa ba a tara haziƙai a gefe guda ba. Sai aka bi su da awo ta fuska daban-daban. A jarrabawar tsakiyar zango ta farko, matsakaicin makin kowane aji kashi 59 cikin 100 ne. A ta biyu, ɗaya ya samu 51, ɗayan 53. An ba su wani gwajin fahimtar lantarki da maganaɗisu da jami'o'i da dama ke amfani da shi, wanda ba malamansu suka tsara ba, kowane aji ya tashi da 47. An ƙirga masu zuwa lacca: kashi 55 a nan, 57 a can.

Har hankalin ɗalibai sai da aka auna. An horar da masu sa ido suka riƙa zama cikin aji, kowa da rukunin da yake lura da shi, yana rubuta wanda ke bin darasi ko ɗaukar bayani, da wanda ke danna waya, ko yawo a intanet, ko karatun wani littafi daban. A duka azuzuwan, kashi 45 ne kawai hankalinsu ke kan darasi. Haɗa wannan da na zuwa aji ka gani: kusan rabi ba su zo ba, waɗanda suka zo kuma fiye da rabinsu jikinsu ne kawai a wurin. Wannan kuwa a gaban malaman da suka san aikinsu, ɗaya daga cikinsu ma ɗalibai sun daɗe suna ba shi maki mai yawa a takardar tantance malamai.

Duk wannan wahala ba ta da armashi, ba kuma ita jarida za ta ɗauka ba. Amma in babu ita, duk abin da ya biyo baya zance ne kawai, domin mai shakka zai ce ai dama ajin can ya fi ƙoƙari, kuma babu amsar da za a ba shi.

Abin da ya gudana a cikin ajin

A mako na 12 aka zo babin igiyoyin lantarki da maganaɗisu. Ajin mutum 267 ya ci gaba da gogaggen malaminsa yadda ya saba. A ajin mutum 271 malamin ya koma gefe, Deslauriers ya karɓi ragama, wata ɗaliba mai karatun gaba da digirin farko, Ellen Schelew, tana taimaka masa. Dukkansu biyu ba su da wata doguwar gogewa a koyarwa. Tun kafin a fara, ɓangarorin biyu sun zauna sun amince da abubuwan da ake so ɗalibi ya iya a ƙarshen makon.

Kafin kowane zama, ana ba ɗalibai shafi 3 zuwa 4 su karanta, su amsa ƴan gajerun tambayoyi ta intanet. Manufar ita ce a fitar da abin da mutum zai iya karantawa da kansa daga cikin aji, lokacin aji ya zama na tunani. In an shigo, kowa ya nemi abokin zama. Sai tambaya ta fito a allo, ba gabatarwa, ba dogon jawabi. Minti 2 ana muhawara, hayaniya ta cika ɗakin, mutum biyu kan zama uku ko huɗu domin na baya ya sa baki. Malaman biyu suna zagayawa tsakanin kujeru suna saurare, abin da suke nema kuwa shi ne irin kuskuren da ke yawo a bakin ɗalibai. Kowa ya danna zaɓinsa, sakamako ya bayyana a allo. Sannan malami ya yi magana ta minti 4 ko 5, kuma maganar tasa a kan abin da ya ji ne da abin da ƙuri'ar ta nuna. In aji ya rabu, a sake tattaunawa, a sake dannawa. Can kuma a raba aikin rubutu na minti 6, a yi shi cikin rukuni, amma kowa ya miƙa takardarsa a ƙarshen zama.

Kada a ɗauka malami ya yi shiru ne ya bar yara da kansu. Yana magana sosai, sai dai maganarsa tana zuwa bayan ɗalibi ya gwada, ya makale, ya san inda yake masa ciwo. Bayanin da a lacca zai wuce ta saman kansa, yanzu amsa ce ga tambayar da ke cinsa.

Shirin ya ci lokaci. Zaman farko ya ɗauki aikin kusan awa 20, har da gwada tambayoyin a kan wasu ɗalibai kafin a kai su aji. Zuwa zama na uku ya sauko awa 8. Kuma ajin bai kai ƙarshen manhajar makon ba: cikin tambayoyi 12 na gwajin da ya biyo bayan makon, darasin 11 aka taɓa, yayin da mai lacca ya kammala na duka 12 ɗin.

Alƙaluman

A zama na farko bayan makon aka yi wa azuzuwan biyu gwaji iri ɗaya, tambayoyi 12 na zaɓin amsa. Ajin lacca ya samu matsakaicin kashi 41. Ajin gwaji, wato wanda aka sauya wa koyarwa, ya samu 74. Wanda bai san komai ba, ya yi canki-canka kawai, zai tashi da kusan 23. Ke nan abin da ajin lacca ya ƙaru da shi a kan canki-canka maki 18 ne, ɗayan kuma 51. Daga nan marubutan rahoton binciken suka ce koyon ya ninka fiye da sau biyu. A ajin gwaji, zuwa aji ya tashi daga kashi 57 zuwa 75, masu mayar da hankali daga 45 zuwa 85, ajin lacca kuwa yana nan inda yake.

Masu ƙididdiga suna da hanyar kwatanta irin wannan sakamako tsakanin bincike da bincike: a ɗauki tazarar da ke tsakanin azuzuwa biyu, a raba ta da yadda makin ɗalibai ya bazu a cikin aji guda. A nan bazuwar kusan maki 13 ce, tazarar kuma 33, sai aka samu 2.5. A binciken ilimi, in ka samu 0.5 ka yi abin kai. Mujallar Science ta buga rahoton a watan Mayun 2011 da sunayen Deslauriers da Schelew da Wieman, jaridun duniya suka ɗauka, kanun labarin kuwa kusan ɗaya ne: ƴan koyo biyu sun kayar da gogaggen farfesa.

Inda aka ja daga

Ba a jima ba masana suka fara ɗaga yatsa, wasu a jaridu, wasu a wasiƙun da suka aika wa mujallar kanta. Ba duka sukar ce ke da nauyi ɗaya ba, kuma yana da kyau a rarrabe.

Mafi nauyi ita ce an sauya malami tare da hanyar koyarwa. Ajin gwaji ya samu sabbin fuskoki biyu, matasa, masu ɗoki, waɗanda suka yi imani da abin da suke yi, kuma su ne marubutan rahoton. Ajin lacca ya ci gaba da mutum ɗaya da ya saba gani tun farkon zango. In maki ya tashi, nawa ne na hanyar, nawa ne na mutanen? Gwajin ba zai iya rabawa ba. Masu kare shi sun ce ai wannan ma ƙarin hujja ce, tunda marasa gogewa ne suka yi nasara. Hujjar tana da ƙarfi, amma ba ta rufe ƙofar ba. Rashin shekaru a aji ba shi ne rashin iyawa ba, kuma mutanen nan biyu an yi musu horo na musamman, sun zuba awa 20 a kan zama ɗaya. Malamin da ke ɗauke da kwas uku da bincike da kwamitoci ba shi da wannan sarari.

Sai batun sabon abu. An daɗe da sanin cewa mutane kan ƙara himma in sun lura ana kallonsu ko an sauya musu yanayi, abin da ake danganta sunansa da masana'antar Hawthorne ta kusa da Chicago, inda aka yi wasu gwaje-gwaje kan ma'aikata tun shekarun 1920. Mako ɗaya bai isa ɗoki ya huce ba. Ko kashi 75 za su ci gaba da zuwa a mako na takwas na irin wannan koyarwa, lokacin da karatun kafin aji ya zama nauyi a kan sauran nauyi? Awa 3 ba za su gaya mana ba.

Akwai kuma wani abu da ke cikin alƙaluman kansu wanda ya kamata a tsaya a duba. Ba kowa ya zauna gwajin ba. A ajin lacca mutum 171 ne cikin 267, a ajin gwaji 211 cikin 271. Wato 96 ba su zo ba a nan, 60 a can. Su waye waɗannan? In raunana ne suka fi ƙaurace wa gwaji, kamar yadda aka saba gani, to ajin lacca ya fi tacewa, kuma hakan ya taimake shi ne, tazarar gaskiya ma ta fi wadda aka gani. Amma juya ta ɗaya gefen. Kashi 64 na ajin lacca ne suka rubuta gwajin, alhali kashi 53 ne ke zuwa lacca a makon. Ke nan cikin masu rubutun akwai waɗanda ba su halarci duka darussan ba. A ajin gwaji kuwa masu rubutu kashi 78, masu zuwa 75, kusan daidai. Don haka wani yanki na tazarar na zuwa aji ne. Mutum zai iya cewa jawo ɗalibi aji ma nasara ce ta hanyar, kuma na yarda. Sai dai tambaya biyu ce daban: ko hanyar ta fi koyar da wanda ke zaune, da ko ta fi kawo shi ya zauna. Sashen da matsalarsa ba ta rashin zuwa aji ba ce yana bukatar amsar ta farko ita kaɗai.

Gwajin kansa ma abin dubawa ne. Tambayoyi 12 ne na zaɓi, irin siffar da ajin gwaji ya kwashe mako yana atisaye a kanta, kuma ɗaya daga cikin masu koyarwar yana cikin waɗanda suka amince da su. An yi shi nan take, kafin kowa ya samu damar bita sosai. Marubutan da gangan suka yi haka, domin abin da aka koya a cikin aji suke son warewa daga abin da ɗalibi ke koya da kansa a ɗaki. Wannan zaɓi ne mai ma'ana, amma yana ƙayyade abin da za a iya faɗa. Ɗalibin lacca ya saba ya tara rubutu ya bari sai jarrabawa ta matso ya duƙufa. In aka kama shi washegari, dole a same shi hannu rabbana. Abin da 41 da 74 ke faɗa shi ne abin da ya shiga kai a cikin awa 3. Ba su ce komai ba kan inda ɗaliban za su tsaya a ƙarshen zango.

A ƙarshe, abubuwa da yawa aka sauya lokaci guda: karatun kafin aji, gwajin intanet, muhawara, aikin rukuni, salon maganar malami. Kamar majinyaci ne da aka ba magani biyar a rana ɗaya ya miƙe. An yi murna, amma wanda ke da kuɗin magani ɗaya tak bai san wanne zai saya ba.

Duk da wannan jerin, ban ga dalilin watsar da binciken ba. Tazarar maki 33 ta yi girman da zai yi wuya ɗoki ko siffar tambaya su cinye ta duka. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗauki 2.5 a kai gaban majalisar jami'a a ce ga abin da za mu samu in mun sauya. A 2014 Scott Freeman na Jami'ar Washington da abokan aikinsa sun tattara bincike 225 kan kwasa-kwasan kimiyya da injiniya da lissafi, suka buga a mujallar PNAS. Matsakaicin tazarar da suka samu 0.47 ne, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar na abin da aka gani a Vancouver. Masu faɗuwa kwas sun kai kashi 33.8 a azuzuwan lacca, 21.8 a azuzuwan da ɗalibai ke aiki da kansu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A cikin kowane ɗalibi 100, mutum 12 ne da za su maimaita kwas ko su bar fannin gaba ɗaya suka tsallake. Alƙiblar ɗaya ce da ta Vancouver, girman ne ya sha bamban.

Wani bincike kuma da ya fito a 2011 ɗin ya ƙara sanyaya gwiwa. An zaɓi malaman bayoloji a jami'o'in Amurka ba tare da duba ko ƙwararru ne a sabuwar hanyar ba, aka auna ɗalibansu, ba a ga alaƙa tsakanin yawan amfani da ita da yawan abin da aka koya ba. Raba ɗalibai rukuni da jefa musu tambaya abu ne mai sauƙi. Sanin tambayar da za ta tono kuskuren da ke ɓoye, da abin da za a ce bayan an tono shi, nan gizo ke saƙar.

Abin da ɗalibai suka ce, da abin da suka iya

Bayan makon an tambayi ajin gwaji ra'ayinsu, mutum 150 suka amsa. Kashi 90 sun ce sun ji daɗin salon, 77 sun ce da haka aka koyar da kwas ɗin duka da sun fi koyo. Wannan shi ne irin shaidar da kwamitoci suka fi so, domin arha ce kuma tana da daɗin karantawa. Shekara 8 bayan haka, Deslauriers da kansa ya nuna yadda ba abin dogaro ba ce.

A lokacin ya koma Jami'ar Harvard. Shi da abokan aikinsa suka sake gwajin, kuma in ka duba tsarinsa za ka ga kamar sun ajiye sukar 2011 a gabansu suna toshe ta ɗaya bayan ɗaya. Ɗalibai 149 ne, wannan karon ƙuri'a ta raba su gida biyu. Malamai biyu, dukkansu gogaggu, waɗanda ɗaliban ba su saba da ko ɗaya daga ciki ba. A darasin farko malami na ɗaya ya koyar da sabuwar hanya, na biyu ya yi lacca. A darasi na biyu suka yi musaya. Ta haka kowane ɗalibi ya ɗanɗana duka biyun, kowane malami ma ya yi duka biyun. Takardun da aka raba iri ɗaya ne, bambancin kawai shi ne ko ɗalibi ya fara gwada warware matsalar kafin a nuna masa, ko an warware masa yana kallo. Malaman ba su ga tambayoyin gwajin ba, wani daban ya shirya su.

Sakamakon da aka buga a PNAS a 2019 ya zo da fuska biyu. A gwaji, waɗanda suka yi aiki da kansu sun fi da 0.46, kusan daidai da abin da Freeman ya samu. Amma da aka tambaye su yadda suke jin sun koya, sai suka ba lacca fifiko, da tazarar 0.56. Darasin da suka fi koyo a cikinsa shi ne suka ce bai amfane su sosai ba. Bayanin masu binciken shi ne malami mai fasahar baki yakan sa abu ya zo da santsi har mai sauraro ya ɗauka ya iya, wahalar tunani kuma takan yi wa sabon shiga kama da rashin fahimta.

Wannan ya dame ni ƙwarai, domin jami'o'i da yawa a duniya da takardar ra'ayin ɗalibai suke yanke hukunci kan sauyin kwas, har ma kan ƙarin girman malami. Malamar da ta yi gyaran da ya amfani ɗalibanta tana iya ganin makinta ya faɗi, a kira ta ofis a ce ta koma yadda ake yi da. A Kwalejin Sojan Sama ta Amurka, inda ake raba ɗalibai ga malamai da ƙuri'a kuma kowa ke yin jarrabawa iri ɗaya, Scott Carrell da James West sun bi sawun ɗalibai sama da 10,000, suka buga sakamakon a 2010. Malaman da ɗalibansu suka fi cin jarrabawar kwas ɗin farko su ne suka fi samun yabo, amma ɗaliban nasu sun fi yin rauni a kwasa-kwasan da suka ɗoru a kansa. Ba ana cewa a daina jin ta bakin ɗalibai ba ne. Su suka san ko aiki ya yi musu yawa, ko an wulaƙanta su, ko bayanin aikin gida bai fita ba. Tambayar ko sun koya ce ba su ne za su amsa ta ba.

Abin da ya rage

Gwajin Harvard ma na darasi biyu ne, an kuma auna nan take. Batun ɗorewa an taɓa shi a wani bincike daban da Deslauriers da Wieman suka buga a 2011 kan kwas ɗin fiziks na zamani a British Columbia. Rukunin da ya yi karatu a hannun malamin lacca da ake yabo sosai ya samu ƙasa da ɗayan da kashi 19, da aka sake gwada su bayan wata 6 da wata 18 kuma, makin kowane rukuni kaɗan ya ragu. Tazarar ba ta rufe ba ke nan, ko da yake wani kwas ne da wasu ɗalibai.

Sashen da ke son auna gyaran da ya yi ba lallai ya samu azuzuwa biyu masu kama da juna ba, balle ƙuri'a. Yawanci abin da ke hannu shi ne bara da bana, kuma nan tarkon yake: ɗaliban da aka ɗauka sun bambanta, jarrabawar ta bambanta, kuma wanda ya sauya kwas ɗin shi ne ya tsara tambayoyi, shi ya yi makin. Ko da zuciya ɗaya yake aiki, hannunsa zai karkata. Mafita ba ta fi ƙarfin kowa ba. A rubuta abin da ake so ɗalibi ya iya tun kafin a taɓa kwas ɗin, a ajiye wasu tambayoyi da ba sa fita hannun ɗalibai a riƙa maimaita su shekara bayan shekara, wani malami daban ya yi makinsu ba tare da ya san na wace shekara ba ne. A kuma duba makin shigowar ɗaliban, a ƙirga waɗanda suka janye kafin jarrabawa, domin matsakaicin maki yakan tashi in raunana sun fice. Lokacin malami ma a saka shi a lissafi, tunda gyaran da ke bukatar awa 20 a kowane zama zai mutu ranar da mai ɗokinsa ya bar sashen.

Awon da ya fi kowanne muhimmanci kuwa shi ne wanda Carrell da West suka yi, kuma shi aka fi mantawa da shi: yadda ɗaliban suka kasance a kwas na gaba, a hannun malamin da ba shi da hannu a gyaran. Wannan ba ya bukatar tallafin bincike ko masu sa ido a aji. Makin yana nan a ofishin jarrabawa, na waɗanda suka yi tsohon kwas da na waɗanda suka yi sabon. Sai dai a jira shekara guda, a ɗauko jerin biyu, a haɗa su da lambar ɗalibi.